Kafin ka soke bindiga a ƙugu a Amurka, duba kubenta da tufafinka

Ɗan uwa da ke zaune a Amurka yana tunanin mallakar ƙaramar bindiga don kare kai, yawanci tambayarsa ta farko ita ce wace iri zai saya. Tambayar ta zo da wuri. Bindigogin manyan kamfanoni na yau kusan duk suna aiki yadda ya kamata. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne doka, sai kube, sai tufafin da za a rufe ta da su, kuma a nan mai kaftani da wando mai zariya yana da matsalar da mai jins da ƙaramar riga bai san da ita ba.

A fara da doka, domin kuskure a nan gidan yari ne. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara mallakar bindiga, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Mai takardar zama ta dindindin da ɗan ƙasa su ne ƙofa ta buɗe musu. Dillali mai lasisi ba zai sayar maka da ƙaramar bindiga ba sai ka kai shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, an kuma binciki tarihinka. Ɗaukar ta a jiki kuwa hurumin jiha ne. Texas ta daina neman lasisi tun 2021, jihohi fiye da rabi suna kan wannan tsari, amma New York da New Jersey da Kalifoniya sai da lasisi, kuma magazin ɗinka, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, ba zai wuce harsashi 10 ba. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya haramun ne ko da lasisi a aljihunka. Masallaci ma sai ka duba dokar jiharka, ka kuma tambayi kwamitinsa. Duk wannan bayani na can ne: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa ɗaiɗaikun mutane sai da izinin shugaban ƙasa.

Bindigar da aka fi auna sauran da ita ita ce Glock 19: harsashi 15 na milimita 9, bututu inci 4, mariƙi mai cika hannu. Tana da daɗin harbi, tana da wuyar ɓoyewa ga siririn mutum. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fito da P365, mai kaurin inci ɗaya, bututu inci 3.1, nauyi wajen rabin kilo, amma tana cin harsashi 10, sauran kamfanoni suka bi sahu da Hellcat da Shield Plus da Glock 43X. Abin da mai shago ba ya cika faɗa shi ne, harsashin ɗaya ne, albarushin ɗaya ne, don haka duk giram ɗin da aka rage wa bindiga hannunka ne zai biya. Ƙarama ta fi shuri, bakinta ya fi tashi sama, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, wato 'yan ƙarafunan da ake auna hari da su a saman bindiga, gajeriya ce, ƙaramin kuskure sai ya zama babba a yadi 15. Idan ƙaramin yatsanka yana reto a ƙasan mariƙi ba shi da wurin zama, harbi na biyu zai yi maka wuyar saitawa.

Saboda haka kada ka saya sai ka harba. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da haya. Ɗauki biyu ko uku, ka harba akwati guda na harsashi 50 a kowace, a yadi 7. Ka lura ko gaɓar farko ta yatsanka tana kai kunama ba tare da ka karkata riƙo ba, ko kana iya jan saman bindigar, wato ɓangaren da ke zamewa gaba da baya, zuwa baya ba da kokawa ba, ko babban yatsanka yana danne maɓallin da ke tsayar da saman idan harsashi ya ƙare. Wadda harsasanta suka fi taruwa wuri ɗaya a takarda ita ce taka, ko da ba ita ce ta fi kyau a hoto ba.

Kube shi ne rabin aikin, a ganina ma ya fi rabi. Yawancin waɗannan bindigogi ba su da makullin da ake turawa da yatsa. Glock tana tashi da matsin wajen kilo biyu da rabi a kan kunama, kuma ba ta bambance yatsa da bakin riga ko igiyar jaket. Kuben kirki na roba mai tauri ne, irin da ake kira Kydex, wanda aka ƙera daidai da samfurin bindigarka, ya rufe kunama ruf ta ɓangarorin biyu, bakinsa ya tsaya a buɗe ko an zare bindigar. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, ka bar shi a shago. Na fata ma idan ya tsufa bakinsa yakan lanƙwashe ya shiga wurin kunama. Gwajin mai sauƙi ne: cire magazin, ja sama ka duba da ido da yatsa cewa babu harsashi, saka ta a kube, kifa shi a kan katifa ka girgiza a hankali. In ta zube, ɗaure kusar da ke daidaita riƙo. Sannan ka gwada taɓa kunama ta waje. In yatsa ya kai, kuben bai yi ba.

Abin da ke tona asiri ta cikin riga mariƙi ne, bututu yana kwance cikin wando ba mai ganinsa. Shi ya sa ake maƙala wa kube wani ɗan fiffike da ke tokare bel ya juya mariƙin ya manne da ciki, da ɗan soso a ƙasansa da ke tura saman ya kwanta a jiki. Bindiga mai gajeren bututu ma takan rinjaya waje, domin nauyin duk yana saman bel. Kube mai ɗan tsawo fiye da bindigar yana gyara wannan. Bel ɗin kuma ya zama mai tauri, faɗin inci ɗaya da rabi. Bel ɗin ado yana lanƙwasa, ranar da ka ja bindiga sai kuben ya biyo ta.

Yanzu ga kayanmu. Wando mai zariya ba ya ɗaukar rabin kilo na ƙarfe, zai ja shi ƙasa, kuma bakin zariyar nan da ke lilo a gaba daidai yake da igiyar da ke shiga wurin kunama. Ko dai tela ya yi wa wandon madaukan bel, ko ka nemi kuben da ke da ɗamararsa ta kansa da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin kaya. Kaftani yana ɓoye komai, har Glock 19, sai dai kafin ka tattare yadin da ya kai gwiwa ka isa ƙugu an daɗe. Wasu sukan sa tela ya tsaga cikin aljihun gefe hannu ya wuce kai tsaye, amma fitar da bindiga ta wannan tsaga sai an yi ta gwadawa da wadda ba harsashi, domin saitin baya yana kama zare. Ga 'yan uwa mata masu abaya matsalar ɗaya ce, kuma jaka ba mafita ba ce mai sauƙi: ana ajiye ta, ana fizge ta, yara suna buɗe ta. Sai salla. Kuben gaba yana tokare ciki a ruku'u da zaman tahiya, na bayan ƙugu kuma yana fitowa ɓaro-ɓaro ga na sahun baya idan ka yi sujada da gajeriyar riga. Ka yi raka'a biyu a gida da bindigar da ka tabbatar ba komai cikinta, ka ga inda take motsi.

Harsashin atisaye mai dunƙulallen kai ne, shi ya fi araha. Na ɗauka a jiki mai rami a kai ne, domin yana buɗewa ya tsaya, bai cika ratsawa ya sami wanda ke baya ba. Federal HST da Speer Gold Dot masu kai mai nauyin giram 8 sanannu ne, sai dai New Jersey tana da ƙa'ida ta musamman a kansu. Kafin ka amince da sabuwar bindiga, harba 200 na atisaye da aƙalla 50 na wanda za ka ɗauka, da kowane magazin da kake da shi. Idan kwanson harsashi yana maƙalewa a tsaye a bakin tagar da yake fita bayan harbi, galibi riƙo ne ya yi sako-sako ko bindigar ba ta da mai. Kada kuma ka riƙa mayar da harsashi ɗaya cikin bututu kullum: kansa yana nutsewa cikin kwanso a hankali, matsin albarushi lokacin harbi ya ƙaru fiye da kima.

Hatsari ya fi faruwa wajen mayar da bindiga kube. Babu gaggawa a nan: yatsa a miƙe a gefe, ɗaya hannun ya ɗage riga, ido a kan bakin kuben, in ka ji wani abu ya tokare ka tsaya. Gumi yana sa tsatsa, audugar riga tana taruwa a ciki, don haka a goge ta a ɗiga mai duk mako. Da ka shigo gida, in ba a jikinka take ba, ta shiga akwatin ƙarfe mai kulle da kubenta gaba ɗaya. Saman kabad ba maɓoya ba ce. Yaro ɗan shekara huɗu yana jawo kujera, kuma manyan yatsunsa biyu sun isa su danna kunamar.