Kwana guda a Rabat: kufai, hubbare da ganuwa a bakin teku

Yawancin masu zuwa Maroko daga wajenmu Fas suke nufa, ziyarar Shehu Tijjani. Ni na ware kwana guda na bi gaɓar teku zuwa Rabat, kuma abin da na fahimta shi ne tsarin da ka bi wuraren ya fi yawansu muhimmanci.

Daga Kasablanka jirgin ƙasa na shiga, tafiyar kusan awa guda, na sauka a tashar Rabat Ville. Ƙananan tasi na garin shuɗaye ne, mutum 3 kawai suke ɗauka. Ka ce wa direba ya kunna mita tun kafin a tashi, in ba haka ba sai kun yi ciniki a bakin ƙofa.

Da Shella ya kamata a fara, da hantsi, domin inda kufan yake fili ne babu inuwa. Nan ake yankar tikiti. Garin Rumawa ne a da, Sala sunansa, har yanzu ga shimfiɗar titinsu ta dutse da guntayen ginshiƙai. Daga baya sarakunan Banu Marin suka mai da wurin maƙabartarsu, Sarki Abul Hasan ya zagaye shi da ganuwa, aka gama ƙofar a 1339. Gangara za ka yi ta cikin lambu har ka iske rusasshen masallaci da zawiya. Manyan shamuwoyi farare sun yi sheƙa a kan hasumiyar, suna ta kaɗa baki kamar ana buga ƙwarya. A gefe akwai wani kududdufi mai kifaye masu kama da macizai, inda a da mata masu neman haihuwa kan jefa musu dafaffen ƙwai. Kuskurena silifas na sa. Dutsen ya side, ga hawa a dawowa, sai takalmi mai kama ƙafa. Awa 2 ba ta yi yawa ba a nan.

Hasumiyar Hassan minti 40 ya isa. Sarki Yakubu al-Mansur na daular Almuwahhidun ya fara ginin wani babban masallaci mai wannan hasumiya, ya rasu a 1199 aka bar shi, hasumiyar ta tsaya a mita 44. Hubbaren Sarki Muhammadu na Biyar yana daura da ita, akwai kuma masallaci, don haka nan na yi azahar.

Kasbar Udaya, wato tsohuwar unguwa mai ganuwa, ta bayan la'asar ce. Almuwahhidun suka gina ta a ƙarni na 12, daidai inda kogin Bu Ragrag ke shiga teku, tana kallon garin Sala na yanzu. Shiga kyauta ne, mutane ma suna zaune a ciki, a da an san gidajensu da fentin fari da shuɗi. A bakin ƙofa wani zai iya tare ka ya ce an rufe, sai ta wata hanya da shi ya sani. Ba a rufe ba, jagoranci yake nema ya karɓi kuɗi. Masu lalle kuma kan kama hannun mace su fara zane kafin a yi maganar farashi, to uwargida ta riƙe hannunta cikin mayafi.

Lambun Andalus da ke ƙasan kasbar sunansa kawai ya tsufa, a zamanin mulkin Faransa aka shuka shi. A fara da shi tun da rana, a sha shayin na'a-na'a, sannan a hau dandalin da ke saman ganuwa. Iskar teku tana da sanyi da magariba ko da an wuni cikin zafi, ka taho da rigar sanyi a jaka.