Ranar da mai ya ƙare a sama

Jiya jirginmu ya shiga gargada, kowa na salati, ni kuwa Kyaftin Bob Pearson ya faɗo mini a rai. A Yulin 1983 mai ya ƙare wa Boeing 767 ɗinsa a samaniyar Kanada, don an rikita fam da kilo wajen awo. Injina biyu suka mutu, allunan gabansa suka ɗauke. Bayan ikon Allah, abin da ya cece su shi ne Pearson ya saba tuƙa jirage marasa inji don nishaɗi, mataimakinsa kuma ya taɓa aikin soja a Gimli, wani gari da ke kusa, ya san akwai tsohon filin jirgi a can. Ashe har an mayar da shi wurin tseren motoci, ga jama'a! Haka suka dira, mutum 69, ba wanda ya rasu.