Gubar da jikinmu ke haɗawa da iskar da muke shaƙa

Damana ta kama a Niamey, palu ya dawo, farmasi cike da masu sayen Coartem, sai na ce bari in rubuta abin da maganin nan yake yi in ya shiga jini, don mutane da yawa suna sha ne kawai.

Ƙwayar palu wayo gare ta, ba ta yawo a fili, cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta ɓuya tana cin hemoglobin, abin da ke ɗaukar oksijen. To hemoglobin akwai ƙarfe a cikinshi, in ta ci sai wani guntu mai ƙarfen da ake ce ma hem ya fito, shi kuwa in ya haɗu da oksijen sai a samu wasu sinadarai masu ƙuna, su superoksid da hidrojen peroksid, wato ruwan oksijene ɗin nan da ake zuba ma rauni yana kumfa. Peroksid in ya sake gamuwa da ƙarfe sai ya koma abin da ya fi shi muni, ba ya zaɓe, fatar da ta lulluɓe ƙwayar cutar ya ɓula ta, furotin ya lalata, DNA ya tsinka. Don ta tsira sai ta dunƙule hem ɗin ya zama ɗan tsakuwa baƙi, hemozoin. Nivakin da muka sha muna yara aikinta kenan, hana wannan dunƙulewa, har ƙwayar ta koyi fitar da ita waje.

Artemisinin kuma, tushen Coartem, wanda Tu Youyou 'yar Sin ta ciro daga wani tsiro mai suna Artemisia annua har ta samu Nobel a 2015, shi ya fi burge ni wallahi. Oksijen biyu ne maƙale da juna a jikinshi, yana nan lafiya lau sai ya taɓa hem ɗin da ƙwayar ta saki da bakinta, nan haɗin ya ɓalle ya shiga kama furotin ɗinta ko ta ina. Amma da sauri yake fita jiki, shi ya sa ake haɗa shi da wani magani, lumefantrin, a sha kwana 3. Masu dafa ganyen Artemisia su sha kamar shayi, hukumar lafiya ta duniya OMS ba ta yarda da hakan ba, ba ka san yawan da ka sha ba, gashi a Ruwanda da Uganda an riga an ga ƙwayar da ta fara jurewa.

Ba magani kaɗai ba, fararen ƙwayoyin jini ma suna haɗa wannan guba da gangan, su haɗiye ƙwayar cuta su watsa mata. Leshmaniya mai kawo gyambon fata ita cikinsu ma take zama, tana da nata abin kashe gubar.

Sai dai ƙunar ba ta san mai gida ba. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, suna da yawa a Afirka, jininsu ba ya jure wannan ƙuna, hakan na ɗan kare su daga palu mai tsanani, amma in suka sha maganin palu primakin da yawa ko wasu magunguna jinin sai ya fashe, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi baƙi, sai asibiti.