Lambar p ta fito 0.08, ƙanwata tace furojet ɗinta ya lalace

Jiya bayan sallar isha ƙanwata ta shigo ɗakina rungume da laftof, fuska duk ba daɗi, tace Yaya aikina ya lalace. Aikin gona take karanta, shekarar ƙarshe, kuma furojet ɗin nata gwajin masara ne, ta raba ɗan fili gida 12, shida ta zuba takin zamani, shida takin gargajiya, ta sha wahala tun daga shuka har girbi, ta auna ta shigar a SPSS, manhajar ƙididdiga ta kwamfuta, lambar p ta fito 0.08. Wai wani mai shagon kwamfuta a bakin makaranta yace in ta biya zai taɓa mata lambobin su sauko ƙasa da 0.05. Wallahi raina ya ɓaci, ba da ita ba, da yadda ake koya wa yara abin nan kamar hadda, in ƙasa da 0.05 ne ka ci, in sama ne ka faɗi, babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu me lambar take nufi.

Nace zauna in baki labarin shayi. A Ingila akwai tashar binciken noma da ake kira Rothamsted, a 1919 wani masanin lissafi Ronald Fisher ya fara aiki a can, kuma abin da aka ɗora masa shine bayanan taki da amfanin gona na shekaru da dama, kinga sana'arku ɗaya kenan. Wata abokiyar aikinsa Muriel Bristol tace ita in ta kurɓi shayi tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko ruwan shayin. To ya za a yi a gane gaskiya take faɗa ko cinta kawai take yi? Sai aka haɗa kofi 8, huɗu madara farko, huɗu shayi farko, aka cakuɗa su, aka ce ta ware.

Dabarar duka tana nan: ba a fara da yarda da ita ba, an fara da ɗauka cewa babu komai, bata iya ganewa, sa'a ce kawai. Wannan shine abin da kuke rubutawa H0 a babi na ɗaya, ni ina ce masa hasashen babu komai. Sai a tambaya, in da gaske cinta take yi, sau nawa za ta dace da duka? Hanyoyin zaɓar kofi 4 daga cikin 8 guda 70 ne, ɗaya ce tak daidai, wato 1 cikin 70, kusan 0.014. Amma da ta samu uku ta kuskure ɗaya, mai cinta ma yana samun uku ko fiye sau 17 cikin 70, kusan 0.24, wannan ba abin mamaki bane ko kaɗan. An ce matar ta ware su duka daidai. Fisher ya kawo wannan gwajin a littafinsa na 1935.

To lambar p kenan. Tana cewa ne: in babu wani bambanci tsakanin takin nan biyu, sau nawa sa'a kaɗai za ta kawo irin ratar da kika gani ko wadda ta fi ta. Naki sau 8 cikin 100. Bata ce hasashenki ƙarya ne ba, bata ce takin ɗaya suke ba, kuma ko da 0.01 ta fito bata faɗa miki bambancin buhu nawa ne ba, manomi kuwa buhu yake tambaya. Ita 0.05 ɗin ma ba wahayi bace, iyaka ce da Fisher ya ga ta dace mutane suka bi, har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a daina ɗora hukunci a kanta ita kaɗai.

Nan ta tambaye ni to ina kuskure iri na ɗaya da na biyu da suka haddace don jarabawa. Nace tuna gwajin maleriya na kemis, wani lokacin yace akwai alhali babu, wani lokacin yace babu alhali zazzaɓin na cin mutum. Masana ƙididdiga Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara maganar sosai a 1933. Na farko shine ki ce akwai bambanci alhali babu, kuma in kin sa iyaka a 0.05 kin yarda kenan sau 1 cikin 20 hakan zai faru a inda babu komai. Na biyu shine bambancin yana nan amma gwajinki bai kama shi ba, kuma da fili shida shida wannan ne nafi zargi, don ƙasa kanta bata zama ɗaya, wani gefen ruwa na kwanciya wani gefen jigawa ne, wannan hayaniyar kaɗai ta isa ta binne ƙaramin bambanci.

Muka buɗe babi na huɗu tare. Ta rubuta matsakaicin nauyin masarar kowane taki, ta rubuta ratar da ke tsakani da kilo, ta rubuta 0.08 yadda ta fito, sannan tace bayanan basu isa a yi watsi da H0 ba, a maimaita damina mai zuwa da filaye masu yawa. Sai wajen sha ɗaya muka gama, da safe ta tura wa sufabaizanta.