Kwas ɗin kula da haɗarin safarar kaya: lissafin da ɗalibi zai iya kafin ya bar jami'a

A yawancin jami'o'inmu wannan darasi ba shi da sashe nasa, yana zuwa ne a cikin karatun kasuwanci ko na sayayya da ajiyar kaya, wani lokaci sai a digiri na biyu. Ana fara shi da matakan ISO 31000, ƙa'idar duniya kan kula da haɗari, wadda aka sabunta a 2018: gano haɗari, auna shi, jera shi bisa muhimmanci, ɗaukar mataki, sannan sa ido. Haddace waɗannan aikin dare ɗaya ne, kuma zai ba ka maki. Amma mai kamfanin da zai ɗauke ka aiki tambaya ɗaya zai yi: katan nawa zan ajiye a sito, kuma yaushe zan sake yin oda? Idan ba ka da amsa da lamba, kwas ɗin bai shiga ba tukuna.

Aikin farko zanen hanyar kaya ne. Ɗauki kaya guda ɗaya, a ce maganin da ake shigowa da shi daga Indiya. Rubuta duk hannun da yake bi: masana'anta, jirgin ruwa, tashar Apapa, kwastam, babban dila a Legas, dilan Kano, sannan sito a Sakkwato. Gaban kowane hannu ka sa abu uku: kwana nawa kaya ke yi a nan, wa zai maye gurbinsa idan ya tsaya, kuma kwana nawa musanyar za ta ci. A nan ɗalibai suke yawan ruɗuwa. Sai ka ga an rubuta dila uku an ce an raba haɗari, alhali su ukun duk wurin mai shigo da kaya ɗaya suke sara. Misalin da ake koyarwa ko'ina shi ne gobarar da ta tashi a masana'antar Philips da ke Albuquerque ta Amurka a watan Maris na 2000. Nokia da Ericsson duk a can suke sayen wani ƙaramin ɓangaren waya. Nokia ta yi maza ta nemi wasu masana'antu, Ericsson ta jira, ta tafka asara, a 2001 ta haɗe sashen wayarta da Sony.

Sai lissafin kayan ko-ta-kwana, wato rarar da ake ajiyewa saboda tsaiko. A ce sito yana fitar da katan 40 a rana, ciniki na hawa da sauka da kimanin katan 10 (abin da STDEV, umarnin auna hawa da sauka, zai ba ka a Excel ke nan), oda kuma tana ɗaukar kwana 9. Idan ana so a cikin oda 100 kaya kada su yanke fiye da sau 5, ana amfani da lamba 1.65. Sai a ninka 1.65 da 10, a ninka da SQRT na 9 (lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 9), wato 3. Ya ba da katan 50. Ke nan idan kaya suka sauko 410 (40 sau 9, a ƙara 50) sai a yi sabuwar oda.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa mota kullum kwana 9 take yi, kuma duk wanda ya taɓa jiran tirela daga Legas ya san ba haka ba ne. A ce kwanakin jiran su ma suna hawa da sauka da kwana 3. Yanzu abu biyu za a haɗa: 9 sau 10 sau 10, wato 900, da 40 sau 40 sau 3 sau 3, wato 14,400. Jimla 15,300, SQRT ɗinta kusan 124, a ninka da 1.65, ya kama katan 204. Ciniki bai canza ba, amma ajiyar ta ninka huɗu. Ka dubi lambobin biyu da kyau: 900 daga ciniki, 14,400 daga hanya. Saboda haka ɗan kasuwa a nan ya fi cin riba idan ya biya direba mai cika alkawari kuɗi sama da na kowa, a kan ya ɓata lokaci yana hasashen ciniki. Wanda kuma ya ce sau ɗaya kawai zai yarda kaya su yanke cikin 100, lambarsa 2.33 ce, katan 288, kuma kuɗin da ya kwanta a sito da ranar lalacewar magani suna jiransa.

Duk wannan na tsaikon yau da kullum ne. Rufe iyaka ba ya shiga STDEV. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 kuma hanyar Illela zuwa Ƙonni ta sake tsayawa, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Jadawalin nan mai gida biyar-biyar da ake koyarwa, yiwuwar faruwa sau girman ɓarna, ba ya taimako sosai a nan, don babu wanda zai iya sa wa juyin mulki lamba ta gaskiya. Ni na fi ganin amfanin hanyar David Simchi-Levi na jami'ar MIT, wadda aka gwada a kamfanin Ford. Ba ruwanta da dalili. Tambaya biyu ce: idan wannan hannu ya tsaya, kwana nawa za mu iya ci gaba da sayarwa, kuma kwana nawa kafin ya farfaɗo ko a sami madadinsa? Duk inda na biyu ya fi na farko tsawo, nan za a kashe kuɗi.

Albasa kuwa ta saɓa wa rabin abin da ke littafi. Ajiya ba kariya ba ce kawai a wurinta, ita ma haɗari ce: wadda aka zuba a rudu bayan girbin rani tana rage nauyi, tana ruɓewa idan damina ta kawo laima, musamman wadda ba a bari wuyanta ya bushe ba. Mai ajiya yana cacar tashin farashi ne da abin da zai zubar. Lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, kayan gwari sun yi kwantai a arewa, sun yi tsada a Legas. Matakan da ke aiki a irin wannan kaya su ne raba lodi a mota biyu, riƙe mai saye a kasuwa fiye da ɗaya, inshorar kaya a hanya, da rubuta tun kafin a ɗora buhu wanda zai ɗauki asara idan mota ta kwana uku a lalace.

Ga mai rubuta furojet a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato: takardar tambayoyi mai "na yarda" da "ban yarda ba" ra'ayi take aunawa, ba tsaiko ba. Nemi izinin wani mai sito ka duba littafinsa da takardun lodi. Fitar da ranar oda da ranar sauke kaya na aƙalla oda 30, ka ware na damina da na rani, ka yi lissafin da ke sama a kan kowanne, ka kwatanta da abin da yake ajiyewa a zahiri. Sunan shagonsa da farashin sarinsa kada su shiga rahoton, in ba haka ba ɗalibin da zai zo bayanka ba zai ga littafin ba.