Ruwa Maizurufi

Shekara huɗu na yi a Samaru ina wucewa ta gefen Drama Village, dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ban taɓa sanin wani dattijo Ba'amurke ya sa wa kiɗansa sunan wurin ba. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, ina kwance ina laluben YouTube, na ci karo da faifan Yusef Lateef mai suna In Nigeria. A cikinsa akwai kiɗa mai suna "Drama Village", amma sunan wani kiɗan daban ne ya tsayar da ni: "Ruwa Maizurufi". Na yi dariya ni kaɗai cikin duhu. Ruwa mai zurfi ake nufi, aka rubuta yadda kunne ya ji.

Masu bin jazz sun san Lateef, amma yawanci da faifansa Eastern Sounds na 1961. An haife shi a 1920 a jihar Tennessee, ya tashi a Detroit, ya musulunta. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, sarewar Fulani ce ta ɗauke masa hankali. Ya haura sittin a lokacin, sunansa ya zaga duniya, amma ya zo ya durƙusa neman sani. A Legas aka ɗauki faifan a 1983, ya fito bayan shekara biyu. Shi kansa bai son a kira kiɗansa jazz, to ni dai ban da wani sunan da zan ba shi.

Abin da ya kama ni shi ne haƙurinsa. Makaɗan Najeriya ne suka kewaye shi da ganguna, shi kuma bai yi musu kutse ba. Sai ya bari kiɗa ya zauna daram, kana ya shigo da busa a hankali, kamar baƙon da ya yi sallama ya tsaya a zaure har aka ce ya shigo. Idan ya ɗauki sarewa, kana jin numfashinsa na fita tare da sautin, bai ɓoye shi ba. Akwai wuraren da na ji ganga na hanyarta, saksafon, wato abin busarsa na Turawa, na tasa hanyar, ba su gaisa ba. Waɗannan nakan tsallake su.

Ranar Juma'a bayan sallar la'asar na kunna wa Baba a tsakar gida, ban ce masa komai ba. Ya ajiye kofin shayi ya kasa kunne.

"Wannan wane Bafillace ne?"

"Baba, mutumin Amurka ne. A Zariya ya zauna."

Ya ɗan yi shiru, ya ce in mayar da shi farko. Da na gaya masa mutumin ya rasu tun Disambar 2013 yana da shekara 93, sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙo hannu in ba shi wayar.