Haɗa kwamfutar farko da kuɗi kaɗan: abin da ke shiga da abin da ba ya shiga

Mafi yawan asarar da mai haɗa kwamfuta karon farko yake yi ba daga kaya marasa kyau take zuwa ba, daga kaya masu kyau ne da ba su dace da juna ba. Don haka kada ka fara da akwati mai fitilu ko katin hoto. Fara da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin ita ce ke zaɓa maka madabod, babban allon da duk kayan ke haɗuwa a kansa, madabod kuma ya zaɓa maka RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Kowace firosesa tana da soket ɗin da take zama a kai. A ɓangaren AMD, Ryzen na jerin 1000 zuwa 5000 suna zama a AM4, kuma RAM nau'in DDR4 kaɗai suke aiki da ita. AM5 da ta fito a 2022 ba ta karɓar komai sai DDR5. A ɓangaren Intel, ƙarni na 12 da 13 da 14 duk LGA1700 ne, sai dai a nan akwai tarko: madabod ɗin wannan soket wani na DDR4 ne, wani na DDR5, kuma sunayensu kan yi kama ƙwarai. Sau da yawa bambancin bai wuce "D4" ko "DDR4" a ƙarshen suna ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi, a ganina firosesar AM4 da madabod samfurin B550 ko A520 ya fi sauƙi, ko kuma Core i3-12100 ta Intel da madabod samfurin H610.

Shigar soket kaɗai ba ta isa ba. Madabod mai B450 zai karɓi Ryzen 5 5600 daram, amma idan BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, tsoho ne, fanka za ta juya, monita kuwa ba za ta nuna komai ba. Maganin shi ne ka buɗe shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, ka duba jerin firosesocin da yake ɗauka da lambar BIOS da kowacce ke buƙata. Wasu madabod suna da maɓalli a baya da ke ba ka damar sabunta BIOS daga filas ba tare da an sa firosesa ba. Idan babu shi, sai ka nemo aron tsohuwar firosesa, kuma wannan wahala ce da bincike na minti biyar zai raba ka da ita.

Sai maganar hoto, wadda ta fi kowace rikita sabon shiga. Ba kowace firosesa ce ke iya fitar da hoto da kanta ba. Ryzen 5 5600G tana da sashen hoto a ciki, Ryzen 5 5600 da 5500 ba su da shi. A Intel, duk wadda sunanta ya ƙare da F, kamar i3-12100F, ba ta da shi. Ramin HDMI da kake gani a bayan madabod ba ya aiki sai firosesar tana da wannan sashe. Idan aikinka rubutu ne, intanet, kallon bidiyo da ƙananan wasanni, ɗauki mai hoto a ciki ka bar katin hoto zuwa wani lokaci, sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin kayan. In kuwa ka sa kati, to wayar monita a katin za ta shiga, ba a madabod ba. Ka kuma duba irin ramin da monitarka take da shi, musamman tsohuwa mai VGA kawai, don ba kowane madabod ne ke zuwa da shi ba.

RAM guda biyu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 16GB, saboda firosesa tana karanta su ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Ga 5600G wannan ya fi muhimmanci, tunda sashen hotonta daga RAM ɗin yake cin wuri. Sayi guda biyun a kwali ɗaya, DDR4-3200. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake fara cikawa, littafin madabod zai tabbatar maka. Bayan kunnawa kana iya ganin tana gudu a 2133 ko 2400, ba lalacewa ba ce, sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudun da aka rubuta mata. DDR4 da DDR5 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, idan ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi. Ta laftof kuma gajera ce, ba ta shiga ko kaɗan.

Wajen ajiya, SSD ta NVMe mai girman 2280, wadda ke shiga ramin M.2 a jikin madabod, ta wadatar, 500GB ko 1TB. Ka lura akwai M.2 ta SATA mai kama da ita, kuma a wasu madabod sa M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, inda ake jona na'urorin ajiya masu waya.

Na'urar ba da wuta ita ce inda mutane ke son rage kuɗi, kuma nan ne bai kamata ba, domin arha ba ta ado. Mara inganci in ta ƙone tana iya tafiya da madabod da SSD. 5600G tana cin kimanin wat 65, don haka wat 450 ya ishe ta da rara, amma idan kana da niyyar ƙara kati mai matsakaicin ƙarfi, ɗauki 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani kuma mai garanti. Tambarin 80 Plus yana nuna ƙarancin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba. Wayoyinta uku za ka kula da su: mai fil 24 ta madabod, mai fil 8 ta firosesa, da mai 6+2 ta katin hoto. Biyun ƙarshe suna kama amma tsarin wutarsu daban ne. Haka kuma wayoyin da ake cirewa na wata na'urar, kada ka haɗa su da wata ko da sun shiga.

Akwati shi ne na ƙarshe. Madabod mai girman ATX tsawonsa milimita 305 da faɗin 244, micro-ATX 244 da 244. Ƙaramin madabod yana shiga babban akwati, babba ba ya shiga ƙarami. Duba iyakar tsawon katin hoto da tsayin fankar firosesa da akwatin ke ɗauka, an rubuta su a milimita. Fankar da ke zuwa cikin kwalin 5600G ko i3-12100 ta isa, kuma da man sanyaya a shafe a ƙasanta. Kafin ka ɗaure madabod, tabbatar ƙananan ƙusoshin da ke ɗaga shi daga ƙarfen akwati suna daidai da ramukansa, guda ɗaya da ta zauna inda babu rami tana iya haɗa wuta ta hana kwamfutar tashi. Madabod masu arha da yawa ba su da Wi-Fi, in babu wayar intanet kusa da teburinka sai ka sa kuɗin ƙaramin adafta na USB a lissafi.